Hanyar da Ke Bi ta Tasawa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Tasawa da yunwa ya san rumfar Salamatu mai dambu. Rumfar ba wani kyau gare ta ba, tsofaffin buhuna ne aka ɗinke aka ɗaura a kan itace huɗu. Dambun ne dai ke jan mutane. Tana zuba zogale ba ƙyashi, ga ta da baki, direba ya zo da faɗa ya tafi yana dariya. Mace ce da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ga kowa, in ban da mutum ɗaya, 'yarta ta fari.

Munira sunan yarinyar, amma ba daga bakin Salamatu za ka ji shi ba. Ita "waccan ta Mayahi" take cewa. Haka ta tarar ana yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Da aka yaye yarinyar, Zara'u, yayar mijinta wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo daga Mayahi ta goya ta ta tafi. Salamatu tana daka a lokacin, kuma ba ta ajiye taɓarya ba har suka fice. Mata suka yaba, suka ce ga yarinya mai kunya. Babu wadda ta lura cewa hatsin ya daɗe da zama gari. Shekara goma sha bakwai ke nan. Munira ta girma tana kiran Zara'u Inna, Salamatu kuwa Yaya take ce mata, kamar wata babbar 'yar'uwa da ake zuwa gaisarwa da salla.

To, bana Munira ta ci bak, jarrabawar fita lise, wato babbar sakandare. Da kaka ta kama, sunanta ya fito a wuri biyu, fakulten koyon likita ta Maraɗi da ta Damagaram. Labarin ya zo ta wayar Na Allah, mijin Salamatu, mai facin taya a bakin tashar. Bawan Allah ya bi rumfa-rumfa yana faɗa, har da waɗanda ba su tambaye shi ba. Salamatu ta ce, "Madalla," ta ci gaba da juya dambu. Sai dai ta zuba wa wani fasinja mai a dambunsa har sau biyu ba ta lura ba.

Salamatu ba ta yi lakwal ba, ko ajin farko na boko ba ta shiga ba, ba ta san abin da ya raba wannan fakulte da waccan ba. Amma ta san hanya, shekarunta ashirin tana kallon motoci. Mutumin Mayahi in zai je Maraɗi ba ruwansa da Tasawa, hanyarsa daban. In kuwa Damagaram zai je, dole ya biyo ta Kanambakashe ya sauka a nan, ya jira wata motar. An ce karatun likita shekara bakwai ne ko fi, kowace shekara da hutu, kowane hutu da tafiya da dawowa. Ita da ba ta taɓa samun yarinyar a gabanta fiye da wunin salla ba, sai ga wata hanya da za ta riƙa kawo mata ita har bakin rumfa ba tare da ta roƙi kowa ba. Ta so hakan, ta so shi har abin ya ba ta tsoro. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar wata Alhamis sai ga Munira da kanta. A Tasawa aka haife ta, don haka a nan za ta karɓi takardar haihuwa da ake nema a dosiyenta na rajista. Da ta gama da ofishin sai ta biyo tasha, doguwa, siririya, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaisar, Salamatu ta amsa tana kallon tukunya. Hawwa mai fura, wadda rumfarta ke jingine da tata, ita ce ta yi guɗa ta rungume yarinyar tana kiranta likita.

Da mutane suka ɗan ragu, Munira ta ciro kaye, littafinta na rubutu, daga jaka. Ta ja layi a tsakiyar shafin, Maraɗi a dama, Damagaram a hagu.

"Yaya, shawara nike so," in ji ta. "Na rasa wadda zan ɗauka. Shekarun ɗaya ne, diplom ɗin ɗaya ne, kowace da babban asibiti inda za mu yi staj mu koyi aiki. Na tambayi malamanmu, rabi sun ce nan, rabi sun ce can. Ƙawata Sumaiya Maraɗi za ta." Ta sassauta murya. "Abu guda kawai na ga ya bambanta. In Damagaram ce, ta nan zan riƙa biyowa, zuwa da dawowa."

Hawwa ta daina dama fura. Mata biyu da ke cin dambu suka ɗago kai. Salamatu ta ji idanunsu a bayan wuyanta, kuma kafin zuciyarta ta yi magana, bakinta ya riga ya bi hanyar da ya saba bi shekara goma sha bakwai.

"Wace irin wahala ce wanga? Mota biyu, ga jiran tasha, ga ɗaukar kaya. Maraɗi ta hi kusa da gwaggonki. Mi za a zo yi nan, shaƙar hayaƙin esansin motoci?"

Matan suka yi dariya, irin ta yabo. Hawwa ta ce, "Salamatu dai ba ta sake ba." Munira ta dubi shafin na ɗan lokaci, sannan ta rufe kayen a hankali ta mayar cikin jaka.

"To, Yaya. Maraɗin ke nan."

Aka zuba mata dambu, ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Motar Mayahi ta la'asar ta ɗauke ta.

Tun daga ranar dambun Salamatu ya lalace. Juma'a gishiri ya yi yawa, Asabar ta manta da shi ɗungurungum. Direbobi suka fara tambaya ko lafiya. Ran Lahadi da rana Na Allah ya zo cin abinci, ya zauna yana goge hannu da tsumma, ya bari sai da Hawwa ta tafi alwala.

"Yarinya ta kawo maki kanta har rumhwa, kin kore ta."

"Mi kake so in ce gaban mutane, Malam? In ce Gwaggo ta gama shan wahala, ni na zo karɓa?"

"Wa ya ce karɓa? Wucewa ce za ta riƙa yi."

"To kai ka kira ta mana, ba kai ne uban ba?"

"Na kira," in ji Na Allah. "Na ce ta sake tunani. Ta ce ba ta sake komi, uwarta ta riga ta zaɓa mata. Talata za ta tahi Maraɗi ta yi rajista."

Salamatu ta tsaya da ludayi a hannu. "Uwarta ta ce? Gwaggo take nuhi."

"Gwaggo Inna take ce mata, ke ma kin sani. Cewa ta yi, uwata ta ce Maraɗi. Da kunnena na ji."

Salamatu ta juya baya ta shiga hura wutar da ba ta mutu ba. Hayaƙi ya ba ta dalilin share ido. Yarinyar ba ta taɓa kiranta da wannan sunan ba, yau ta kira, kuma a kan maganar da ba ta kai zuci ba.

Washegari da sassafe ta bar wa Hawwa tukunya, ta ce za ta Mayahi sarin busasshen zogale. Hawwa ta dubi buhun zogalen da ke jingine a rumfar, ko rabinsa ba a ci ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Motar ta yi ta tsayawa, a Kanambakashe ma sai da aka sauke akuyoyi aka ɗora buhunan wake. Ko'ina amalanke ne ɗauke da damman gero, jakuna na jan ƙafa. Salamatu ta shirya magana tun daga Tasawa, ta gyara ta, ta sake gyarawa. Da ta sauka a Mayahi babu ko kalma ɗaya da ta rage mata.

Ta tarar da Zara'u a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, da ƙaton faifai a cinya. Zara'u ta manyanta, gwiwa ta fara ba ta wahala, amma idonta bai rasa komai. A bakin ɗaki ga sabon akwatin ƙarfe, ga katifa an naɗe an ɗaure da igiya, ga bokiti da buta a ciki. Munira ta fita ɗaukar hoton da za a manna a takardu.

Suka gaisa, suka tambayi gida da gajiya da amfanin gona. Salamatu ta ce zogale ta zo saye.

"Na Tasawa ya ƙare ne?" in ji Zara'u. "Zauna ki kama mani ɓara, tunda kin zo."

Suka yi ta ɓara. Ba ka jin komai sai ƙarar ɓawo da kukan 'yar akuya a bayan rumbu. Can Zara'u ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Ranar da ta dawo daga wurinki ba ta ci tuwo ba. Na tambaya, ta hwaɗa mani yadda kunka yi. Na ce a raina, Salamatu ta yi irin tata."

"Gaskiya na hwaɗa, Gwaggo. Maraɗi ta hi kusa da ke."

"Ta hi kusa, kuma ba ni ɓoye maki, na yi murna. Har akuya na so in yanka." Zara'u ta watsa ɓawo gefe. "Amma na zauna na duba. Haƙorinta na hwarko a hannuna ya hwaɗi. Ranar da ta hwara lakwal ni na riƙe mata hannu. Ƙyanda a bayana ta yi ta. Ke mi kinka samu? Gaisuwar salla. Shekara goma sha bakwai ba ki taɓa aiko ko da tsuntsu a ce a kawo maki ita ba. Na ji daɗin hakan, amma wani lokacin tsoro kike ba ni."

Salamatu ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, da wani irin sauƙi da ba ta zata ba, don ashe duk shekarun nan akwai wadda ta gani.

"To ki hwaɗa mata, Gwaggo. Ke take ji."

"A'a. Ba ni hwaɗa. In na hwaɗa za ta ce korarta nike yi. Bakinki ne ya ɓata, shi zai gyara."

Kafin Salamatu ta amsa sai ga sallamar Munira. Ta yi turus da ta ga baƙuwar, sannan ta durƙusa ta gaisar. Zara'u ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce za ta leƙa maƙwabta ta karɓo rariyarta, ta tura wa Munira faifan ta fita.

Suka zauna su biyu, faifai a tsakani. Salamatu ta ɗauki gyaɗa. Ita da ke iya tsayar da direban babbar mota da magana ɗaya, yau harshenta ya ƙi ɗaguwa a gaban yarinyar da ta haifa. Da ta ga ba za ta iya dubanta ba, sai ta yi wa gyaɗar magana.

"Motar Mayahi ta hwarko da hantsi take shiga Tasawa."

Munira ta ɗago.

"Ta Damagaram ba ta tashi sai ta cika. Wani lokacin har azahar. Amma akwai inuwa, akwai ruwan randa mai sanyi. Mutum in ya zo da kaya, akwai inda za a aje mashi, ba mai taɓawa." Ta fasa gyaɗa biyu. "Direbobin hanyar su shida ne. Biyu suna da gudu, ba a shiga tasu. Akwai wani dattijo, Sha'aibu, shi ko an kore shi ba ya wuce ƙa'ida, kuma har ƙohwar makarantar yake aje ɗalibai in an roƙe shi. Ya ce unguwar ba ta da nisa da asibitin. Ya ce 'yan mata suna da gidan kwana nasu, da mai gadi."

"Yaushe kika tambaye su duk wannan, Yaya?"

Salamatu ta daɗe tana neman wata gyaɗa a cikin faifan, kamar duk sauran ba su yi mata ba.

"Tun randa sunan ya hito."

'Yar akuyar ta yi shiru. Munira ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Amma ke kika ce wahala ce. Ke kika ce me zan zo yi."

"Wahala ce mana, ban yi ƙarya ba." Salamatu ta mayar da gyaɗar cikin faifan. "Abin da na hwaɗa ranar, na mutane ne. Haka anka koya mani, ban san wata hanya ba. Wanga kuwa nawa ne. Ban ce a bi ba. Karatun naki ne, duk wadda kinka ɗauka Allah shi sa albarka. Na dai ga bai kamata ki tahi da waccan maganar a kunne ba."

Hawaye ya zubo wa Munira, ba ta share ba. "Na ɗauka ba ki so," in ji ta. "Na san al'ada ce, Inna ta sha gaya mani. Amma ranar na ce bari in gwada ko sau ɗaya, na ja layin nan duk don in samu abin da zan faɗa maki." Ta ja numfashi. "To Inna fa? Ƙafarta ba lafiya. Damagaram da nisa."

"Inna ba ta mutu ba!" Muryar Zara'u ce daga bayan danga, inda ashe take tsaye tun ɗazu. "Mota biyu ce, ba Makka za ki ba. Kada wadda ta sa ni cikin lissahinta." Ta shigo ba rariya a hannu, tana goge ido da bakin zane, tana zagin hayaƙin maƙwabta.

Munira ta yi dariya cikin kuka, amma ba ta ce ga wadda ta ɗauka ba. Ta ce sun riga sun shirya da Sumaiya za su kama ɗaki ɗaya, gobe da safe za su tafi tare, tana son ta yi tunani. Salamatu ba ta matsa ba, ba ta ga tana da wannan hakkin ba. Ta sha ruwa, ta yi azahar, ta kama hanya. Sai da motar ta wuce Kanambakashe ta tuna ba ta sayi zogalen ba.

Talata ta zo. Na Allah ya ciro waya sau uku, sau uku tana hana shi. Motar Mayahi ta shigo da hantsi, ta sauke 'yan kasuwa da wani tsoho mai kaji. Salamatu ta gaya wa kanta cewa shi ke nan, yanzu suna hanyar Maraɗi, kuma ai ba laifi, likita likita ne ko a ina ya koya. Ta faɗa wa kanta hakan har yamma, zuciyar ba ta yarda ba.

Laraba ma motar ta shigo da hantsi. Salamatu ba ta ɗago ba, ta gaji da ɗagowa. Hawwa ce ta zungure ta da gwiwar hannu. A saman motar ana kwance wani sabon akwatin ƙarfe da katifa naɗaɗɗiya, Na Allah kuwa ya yar da tayar mutane a ƙasa yana gudu yana ihu a yi hankali da kayan likita.

Munira ta iso rumfar ta durƙusa. "Ina kwana, Yaya."

"Lahiya lau. An zo lahiya?" Salamatu ta amsa wa tukunya, kamar kullum. Amma ta ɗauko kwanon da ba ta ba fasinja, ta cika shi.

Yarinyar ba ta kai ga loma ta biyar ba sai Malam Illo, tsohon kamashon layin gabas, ya ɗaga murya daga bakin wata farar mota. "Damagaram! Damagaram! Saura mutum uku a tashi!" Munira ta ajiye kwano ta miƙe tana laluben jaka.

"Malam Illo!" Salamatu ta kira, da muryar da duk tashar ta sani. "Waccan motar ai ta cika, ko?"

Malam Illo ya leƙa cikin motar. Ya dubi Salamatu, ya dubi yarinyar da akwatinta, ya sosa gemu.

"Ta cika, Hajiya. Maƙil."

Daga inda Munira take tsaye ana hango kujerun nan uku, ba kowa a kai. Hawwa ma ta hango su, matan da ke benci ma haka, kuma a wannan karon babu wadda ta yi dariya. Munira ta dubi uwarta, wadda ke ta faman goge ludayin da ba shi da datti. Ta sauke jakar ta koma ta zauna, ta jawo kwanon.

"Ta gaba yaushe za ta tashi?"

"Ta Sha'aibu ce, sai bayan azahar," in ji Salamatu. Ta miƙo hannu ta ƙara mata zogale.